Ƙwallon Dabino a Gaban Farfesa

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar da ƙwallon dabino yake yi a kan tayil ba. Na san ƙararsa a kan ƙasa, na san ta a kan siminti, amma sai da na haura shekara hamsin sannan na ji ta a kan tayil, a ɗaki mai sanyi, a gaban mutanen da suka ƙure karatu. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi.

Ni mai gadi ne, ba na ɓoyewa. Shekara goma sha tara ke nan ina tsaron ƙofar wani asibitin kuɗi a nan Dutse, daga safe zuwa la'asar. Asalina mutumin Aujara ne. Karatuna allo ne da aji uku na firamare, shi ma ajin ukun ban ga ƙarshensa ba, damina ta faɗi aka ce gona. Ina iya karatun boko a hankali. Ina iya rubutu ma, amma irin rubutun da in na fara lambar mota sai direba ya kashe inji ya jingina.

Ranar da aka ɗauke ni aiki, Manaja ya miƙo min rajista mai baƙin bango da biro ɗaure da zare, ya ce doka ɗaya ce: duk motar da ta zo in rubuta lambarta da lokaci, sannan in buɗe. Ba rubutu, ba buɗewa. Na ce to. Wata biyu ina bin dokar nan sau da ƙafa. Sai wata Litinin da hantsi, ina cikin rubuta lambar wata mota (mai ita dubiya kawai ya zo, har da ledar lemo), wata tsohuwar tasi ta tsaya a bayansa tana hon kamar za ta tsage. Ban ɗaga kai ba, don in na ɗaga lambar guduwa take yi, sai na koma farko. Na gama, na buɗe, na rubuta ta tasin ita ma, sannan na leƙa. Mace ce a kujerar baya tana naƙuda, uwarta na riƙe da kanta. Tsohuwar ba ta zage ni ba. Kallona kawai ta yi. An haihu lafiya, a barandar asibitin kafin a kai ta ɗaki, amma kallon nan sai da ya raka ni gida.

Washegari na zo da ƙwallayen dabino cike da aljihun hagu. A Dutse ba a rasa su. In mota ta zo sai in kalli lambar, in faɗe ta sau ɗaya a bakina, in ɗauki ƙwallo daga hagu in jefa a aljihun dama, in buɗe ƙofa. In ƙofa ta yi shiru sai in zauna in fito da su ɗaya bayan ɗaya, kowane ƙwallo ya tuna min motarsa, in rubuta a nutse. Wanda ya yi haddar allo kansa yana riƙe abu. Nawa yana riƙe mota takwas, tara in na karya kumallo sosai. In suka wuce haka, kamar ranar awon ciki, sai in tarar da ƙwallo a hannu babu mota a kai. Irin wannan ba na ƙirƙira masa lamba. Layi nake bari fili, ƙwallo ɗaya layi ɗaya, don a san mota ta shiga, ni ne ban riƙe ta ba.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. A wurina saɓa doka nake yi kullum, kuma tushen abin jinkirin hannuna ne, wanda ba abin fahariya ba ne. Ko uwar 'ya'yana ta ɗauka rashin iya zubar da shara ne. In ta zo wanki sai ta zazzage aljihun tana cewa, "Malam, gonar dabino za ka yi a cikin riga?"

To ga Ummi. 'Yata ce ta fari, sunan mahaifiyata take ɗauke da shi, shi ya sa ba na kama sunan. Tana koyar da kwamfuta a wata sakandare a Taura, tana kuma digiri na biyu a jami'a nan cikin gari. Bara waccan ta tsaya gaban malamai don kare aikinta, abin da suke ce wa difens, suka dawo da ita. Suka ce ta je ta sake, dama ɗaya ta rage mata, in ta kuma faɗuwa wa'adin karatun ya ƙare. Shekara uku tana hawa motar Taura zuwa Dutse duk mako, duk su tafi a banza. Ta dawo gida ta zauna a tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, tuwon rana na gabanta yana hucewa. Ni ban iya lallashi ba. Sai na ce, "Wai me kike yi ne ma a makarantar nan? Faɗa min da Hausa."

Ta ce, "Baba, can cikin kwamfuta akwai wani kamar mai gida, shi ke raba wa kowa aiki. In abin gaggawa ya taso, ko an danna maɓalli, ko saƙo ya iso, ko wani ma'auni ya ce zafi ya yi yawa, sai a ƙwanƙwasa masa. Dole ya ajiye abin da ke hannunsa ya amsa. To akwai kuma ɗan sa ido, wanda aka ajiye yana rubuta yadda aikin ke tafiya, don in na'ura ta yi nauyi a san daga ina ne. Matsalar ita ce, duk lokacin da ɗan sa idon nan yake rubutu sai ya toshe wa mai gidan kunne, don kada a rikita masa layi. Wanda ya ƙwanƙwasa a lokacin sai ya jira. Jiran nan nake so in rage."

Na ce, "Jiran minti nawa ne?"

Ta yi dariya, ta farko a ranar. "Baba, ka ɗauki sakan ɗaya ka raba shi gida miliyan. 'Yan gidaje ne a ciki."

"A kan wannan kika ƙi cin tuwo?"

"In na'urar da ke lura da numfashin jariri ce fa?"

Ban san gida miliyan ba, amma na san tasi mai hon.

Ta ce nata ɗan sa idon yana ganin komai, sai dai ya fi wanda ake da shi daɗewa a kan rubutu, wato ta zo gyara ta ƙara nauyi. Na ce Allah ya kawo mafita, na tura mata kwanon. Iyakar gudummawata ke nan a ranar.

Bayan kamar wata ɗaya, lokacin hutun makarantarsu, uwarta ta aiko ta ta kawo min abinci bakin ƙofa. Ranar awon ciki ce. Ta zauna a bencina tana jira in sami sarari, ni kuwa na manta da ita, hannu na aiki tsakanin hagu da dama. Da aka lafa na zauna na zube ƙwallaye a cinya na fara rubutu, sai na ji ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Na so in ce ba komai. Amma Ummi irin kakarta ce, in ta kafe ka da ido gara ka faɗa. Na faɗa mata a taƙaice, ban ce mata laifi ba ne, don uba ba ya son 'yarsa ta san yana ha'intar doka. Ta sa na maimaita. Ta tambayi layukan da na bari fili, na faɗa mata. Sai ta tsaya tana kallon ƙofar kamar yau ta fara ganin ƙofa. Can ta ce, "Wato ba ka rubutu sai an wuce." Na ce to da fa. Ta ce in buɗe hannuna ta ɗauki hoto, ta ɗauki na rajistar ma bayan ta rufe lambobin mutane da takarda. Ta tashi ta tafi, ta bar min kular abincin uwarta, wadda sai da aka yi kwana biyu ana cigiya.

Daga nan ta koma aiki kamar an kunna ta. Abin da na fahimta, ta koya wa ɗan sa idon nata halina: a lokacin gaggawa kada ya tsaya dogon rubutu, ya jefa 'yar alama a aljihun da aka tanada tun da wuri, ya saki kunnen mai gida, cikakken rubutu sai an lafa. Ta ce min, "Baba, na sa ka a aikina." Na ɗauka shafin godiya take nufi, inda ake jera iyaye da kawunnai. Na ce madalla.

Da ranar difens ta matso, ni na roƙa in je. Malamarta, wata Dakta mai sanyin magana wadda ta duba aikin tun farko, ta yarda in zauna a baya tare da ɗalibai, da sharaɗi ɗaya. Ummi ta maimaita min sharaɗin a gida, ta maimaita a cikin adaidaita, ta maimaita a bakin ɗakin. "Baba, komai ka gani, komai ka ji, kada ka ce uffan. Tambayoyi za su yi min, haka ake yi." Har na ji haushi. Na ce, "Shekara nawa ina zaune bakin ƙofa ban yi wa kowa magana ba? Ni za ki koya wa shiru?" (Ka riƙe wannan maganar, mai karatu. Ni ma an riƙe min ita.)

Na sa farar rigata ta salla. Da yake daga can zan wuce wurin aiki, abokin gadina ya riƙe min safiya, sai na kwashe ƙwallayen daga kakin aiki na zuba a aljihun rigar. Ban ma yi tunani ba. Aljihun rigar nan kuwa tela ya yi shi don hankici ne, ba don kaya ba.

Ɗakin sanyi kamar cikin randa. Dogon tebur a gaba, mutum biyar a zaune, Dakta a gefe. A tsakiya wani Farfesa ne da aka gayyato daga wata jami'ar, shi ne mai yanke hukunci. Siriri, ɗan gemu fari, tabarau a kan hanci. An ajiye masa ruwan roba bai ko kalle shi ba. Ummi ta tsaya ta fara, da Turanci, majigi na haska bango. Ba na jin komai sai sautin murya, amma muryar a tsaye take, na ji daɗi. Zane-zane suka wuce, layuka masu hawa da sauka. Har na fara gyangyaɗi saboda sanyin nan.

Sai ga hannuna a bango.

Hannuna, girman ƙyauren ƙofa, da kaushinsa, da farcen da ƙarfen ƙofa ya fasa, da ƙwallaye bakwai a tafi. Wani ɗalibi a kusa da ni ya yi 'yar dariya. Kafin in gama haɗiye wannan, hoto ya juya: rajistata. Rubutuna, wanda ko 'ya'yana ba na so su gani, ga shi kowane harafi ya kai tsawon yaro, wani ya kwanta, wani ya durƙusa. Ga kuma layuka uku a fili, fari fat, a tsakiyar shafi. Na sunkuya har haɓata ta taɓa ƙirji.

A nan Farfesa ya ɗaga biro. Ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu, ya nuna layukan nan uku, ya yi magana gajeriya. Ummi ta fara amsawa, ya katse ta. Ta sake farawa, ya girgiza kai, ya sake nuna bango. Karo na uku muryarta ta yi rawa, na ga ta kama bakin hijabinta tana murzawa. Tun tana 'yar shekara huɗu haka take yi in kuka na tahowa. Na kalli Dakta ko za ta cece ta, Dakta ta duƙar da kai tana kallon takarda.

To ni a duniyar da na sani, in babba ya ƙwanƙwasa tebur ya nuna rajista, wani zai rasa abincinsa. Nan take na haɗa lissafina: mutumin nan ya gano. Ya ga motoci sun shiga ba a rubuta ba. Ya ga yarinya ta ɗora karatunta a kan ha'incin mai gadi, kuma yanzu zai kayar da ita a kan laifin da ba nata ba. Shekara uku, motar Taura, duk saboda hannuna ba ya sauri. Mu kuma a Aujara, in aka tsayar da ɗanka gaban manya, uba ba ya zama a baya yana kallo. Takalmi yake cirewa ya je ya durƙusa ya ɗauki laifin, ko da bai san kansa ba. Haka na ga ubana ya yi min ranar da awakinmu suka shiga gonar mai unguwa.

Na cire takalmi na ajiye ƙarƙashin kujera. Na taka tayil ɗin nan mai sanyi, na ratsa tsakanin ɗalibai, na isa gaban tebur. Na ji Ummi ta ce, "Baba," a hankali, kamar mai roƙon kada a taka mata ƙafa. Ban kalle ta ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a yi min afuwa. Rajistar nan tawa ce. Ni ne ba na rubutawa kafin in buɗe, shekara goma sha tara ina yi, yarinyar nan ba ta san doka ta hana ba. In kora ce a kore ni, amma don girman Allah kada a..."

Ina faɗa ina durƙusawa. Gwiwata na taɓa ƙasa aljihu ya buɗe baki.

Sun kai arba'in. Wasu suka yi gaba, wasu suka yi ƙarƙashin tebur, wasu suka nufi ɗalibai, kowanne da irin ƙararsa, tas, tas, tararas. Ɗakin ya yi tsit, sai su kaɗai ke magana. Na ɗauka sun gama, sai wani guda ya taho a hankali, yana juyi kamar mai neman gida, ya je ya jingina da takalmin Farfesa. A bango kuwa, bisa kaina, ga rubutuna yana kallon kowa.

Farfesa ya sunkuya ya ɗauka. Ya juya shi a yatsa, ya kalli bango, ya kalle ni ta saman tabarau. Sai ya yi magana da Hausa, tatacciya irin ta mutanen karkara, ba irin ta ofis ba. "Malam, kai ne mai hannun?" Na ce ni ne. Ya ce, "To tashi, don Allah. Ba ka girme ni ba, amma ban girme ka da abin da za ka durƙusa min ba." Na tashi, gwiwa na ƙara. Ya ce, "Ba wanda ya yi laifi. Tambaya nake mata: in motoci suka fi ƙarfin kan mai gadi, me ke faruwa?"

Wayyo, ai wannan na sani! Na buɗe baki, "Ai ranka ya daɗe, sai in..."

Ya ɗaga hannu. "A'a! In ka amsa ka kashe ta. Ba kai ka zo difens ba." Wani a teburin ya rufe baki da takarda, kafaɗarsa na rawa. Farfesa ya juya ga Dakta ya ce a taimaka a raka Malam waje.

Ƙofar da ta fi kusa ta gaba ce, ta nan aka fitar da ni. Sai da ta rufu na tuna takalmina na baya, ƙarƙashin kujera.

Na zauna a dakalin baranda, farar riga, hula sabuwa, ƙafa ba komai. Ɗalibai na wucewa suna gaishe ni, idonsu na sauka ƙasa, su yi sauri su ɗauke. Wata ma'aikaciya ta tambaya ko masallaci nake nema. Na ce a'a. Kunyar takalmi ba ta dame ni kamar abin da ke cikin ɗakin ba. Na yi alkawarin shiru sau uku na karya. Na katse jarrabawa. Ban san dokarsu ba, wataƙila a ce an taimaka mata, wataƙila a soke zaman gaba ɗaya. Yarinya ta yi shekara tana koya wa na'ura kada ta tsaya wa kowa a hanya, ga ubanta ya zo ya tsaya mata a tsakiyar tata. Na sa hannu a aljihu don in sami abin murzawa, babu ko ɗaya. Ban taɓa jin hannuna ya zama maraya irin na ranar ba.

Ban san tsawon zaman ba. Na ga an fito da ɗalibai, an fito da Ummi ta ɗaya ƙofar, an sake kiran ta. Ba ta ganni ba, ko ta ganni ta ƙi kallo, ban tambaya ba har yau.

Can ƙofa ta buɗe. Ta fito, takalmina a hannu ɗaya, ɗayan hannun ta dunƙule bakin hijabi kamar mai ɗauke da gero. Ta zo ta durƙusa ta ajiye takalmin a gaban ƙafata, ta jera su daidai. Ba ta ɗago ba. Na ga kafaɗarta na rawa. Na ce, "Ummi, na kashe ki ko?"

Ta ɗago. Dariya take yi, hawaye na zuba, duka biyun a haɗe. "Baba, na ci. Gyara kaɗan ne." Ta buɗe hijabin, ga ƙwallayena. "Har Dakta ta taya ni tsinta. Ɗaya yana wurin Farfesa, ya ce ba zai bayar ba."

Na ce, "To me ya sa yake ta nuna layukan?"

"Su suka fi burge shi. So yake in faɗa da bakina abin da nawa yake yi in aljihu ya cika kafin a sami sararin rubutu. Amsar tana cikin aikin, tsoro ne ya sa nake ta kewaye. Da aka fitar da kai sai na ce a raina, yau kuma me ya rage in ji kunyarsa? Tsoron ya tafi. Na ce masa ba ya ƙirƙira, ba ya kuma toshe kunne don ya cike gurbi. Ƙirga abin da ya kuɓuce yake yi, ya bar gurbinsa a fili, don mai dubawa ya san akwai abin da ya wuce. Na nuna masa inda na rubuta. Ya ce to tun ɗazu fa?"

Ta goge ido, sannan ta ce, "Amma Baba, da gaske doka ta hana? Me ya sa ba ka faɗa min ba? Da ban sa hoton ba." Na ce ya wuce. Ta ce, "Ka san a cikin kwamfuta akwai wani irin kira da ba a iya toshe masa kunne? Ko me ake yi, in ya zo sai an amsa. Na yi shekara uku ina karanta shi, yau na gan shi da farar riga."

Na ce, "Rashin kunya za ki yi min a gaban mutane?" Na zura ƙafa cikin takalmin.

Farfesa ya fito daga baya, jaka a hannu. Ya tsaya ya ba ni hannu, ya ce mota nawa kaina ke riƙewa. Na ce takwas, tara in na karya. Ya ce shi uku ma ba ya riƙewa. Ya ce a cikin gyaran da ya ba ta akwai ɗaya da ba zai ɗaga ƙafa a kai ba: ta rubuta sunan mai hannun a ƙarƙashin hoton, don a wurinsu ba a ɗaukar dabarar mutum a bar sunansa.

Saura guda. Tunda na tona wa kaina asiri a gaban mutum talatin, na ce gara Manajan yanzu ya ji daga bakina. Washegari na shiga ofishinsa na zayyana masa komai, ina jiran hukunci. Bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Baba, wai dabinon? Ai tun wanda na gada ya gaya min. Nas-nas ma Baba Dabino suke ce maka in ba ka kusa." Shekara goma sha tara ina ɓoye abin da har masu shara sun sani.

Littafin aikin yana gidana yanzu, mai koren bango, a cikin akwatin da nake ajiye rigar salla. Ba na jin ko layi ɗaya a ciki, sai wanda ke ƙarƙashin hoton. Shi ma nakan ɗau lokaci kafin in kai ƙarshensa, amma ba mai yi min hon.

Abin da na koya ba shi da yawa. In 'yarka ta ce ka zauna ka yi shiru, ta fi ka sanin ɗakin, ka zauna. In kuma zuciya ta fi ƙarfinka, dole sai ka je ka durƙusa, to ka fara taɓa aljihu, kuma ka tafi da takalminka a hannu.